NAZARI: Sabon asibitin tarayya na Kafanchan da yaran da ba a san sunan cutarsu ba

A shekarar 2025 Shugaba Bola Ahmed Tinubu ya amince da kafa Cibiyar Lafiya ta Tarayya a Kafanchan, a harabar Asibitin Tunawa da Sir Patrick Ibrahim Yakowa, bayan ƙudirin da Sanata Sunday Marshall Katung mai wakiltar Kaduna ta Kudu ya gabatar a Majalisar Dattawa. A shekarar ce kuma aka kafa jami'ar tarayya ta Kachia. Mutanen Jema'a da Kaura da Zangon Kataf da Jaba da Sanga sun yi murna, kuma murnar tana da dalili: sun daɗe suna ɗaukar majinyatansu tafiyar sa'o'i zuwa Jos ko Kaduna ko Shika ko Abuja duk lokacin da ciwo ya fi ƙarfin asibitin gida.

Bayan murna sai aikin takarda. Jerin kayan ɗakin gwaji, yawan likitocin da za a ɗauka, sassan da za a fara buɗewa da kuɗin da za a ware, duk za su bi ta teburorin Ma'aikatar Lafiya da Ofishin Kasafi da kwamitocin majalisa. Abin da aka rubuta a shekarun farko shi zai daɗe yana tafiyar da asibitin, domin icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Wannan nazari ya shafi wani rukuni na majinyata da ba kasafai suke shiga irin wannan jeri ba, wato yaran da aka haifa da cututtukan gado masu hana ƙwayoyin jiki kwashe shararsu. Wasu daga cikin cututtukan suna da magani yau, magani mai tsadar gaske. Amma kafin a zo maganar tsada akwai matakin da ya fi kusa, kuma ba ya fi ƙarfin sabon asibiti.

Bolar da ke cikin ƙwayar jiki

Jikin mutum tarin ƙananan ƙwayoyi ne da ido ba ya gani. A cikin kusan kowace ƙwaya akwai 'yan jakunkuna masu ruwan tsami da ake kira laisosom, waɗanda masanin ƙasar Beljiyam Christian de Duve ya gano a 1955, aikin da ya sa ya samu kyautar Nobel a 1974. Aikin jakar shi ne karɓar abin da ya tsufa a jiki, na kitse da na sukari da na furotin, ta narkar da shi domin a sake amfani da shi. Masu narkarwar su ne sinadaran da ake kira enzayim, sun haura 50, kowanne da irin abin da yake yankawa.

Idan yaro ya gaji ƙwayar gado mai tangarɗa, ɗaya daga cikin waɗannan enzayim ba zai samu ba, ko ya samu amma ba ya aiki. Sharar da ya kamata ya narkar sai ta yi ta taruwa, jakar ta kumbura, ƙwayar ta lalace, gaɓar da ke ɗauke da ita ta bi baya. Cututtukan da ke faruwa ta wannan hanya sun kai kimanin 70. A cutar Gaucher, wadda likitan Faransa Philippe Gaucher ya fara bayyanawa a 1882, wani nau'in kitse ne ke taruwa a saifa da hanta da ɓargo. A cutar Pompe, sukarin ajiya ne ke cika tsoka da zuciya. A cutar Fabry, jijiyoyin jini da ƙoda da zuciya ne ke shan wahala. Akwai kuma rukunin da likitoci ke taƙaita sunansa da MPS, wanda ya haɗa da cututtukan Hurler da Hunter da Morquio, masu taɓa ƙashi da gaɓoɓi da fuska, wani lokaci har da ƙwaƙwalwa.

Mafi yawansu ana gadonsu ne kamar yadda ake gadon sikila. Uwa da uba lafiyarsu ƙalau, kowanne na ɗauke da rabin matsalar, kuma a kowane ciki akwai yiwuwar 1 cikin 4 a haifi mai cutar. Fabry da Hunter sun bambanta, domin tangarɗarsu tana kan ƙwayar gadon da ɗa namiji ke karɓa daga mahaifiyarsa.

Yadda aka koyi rubuta adireshi a jikin magani

Tun a 1963 wani abokin aikin de Duve mai suna Henri-Géry Hers ya nuna cewa rashin enzayim ɗaya ne ke haddasa cutar Pompe. Tunanin da ya biyo baya mai sauƙi ne: abin da babu, a kawo shi daga waje. Wahalar ita ce enzayim babban sinadari ne. In an haɗiye shi ciki zai narkar da shi kamar nama. In an zuba shi a jini, dole ya sami ƙwayar da ke ciwo, ya ratsa bangonta, sannan ya isa jakar da ke can ciki.

Haske na farko ya fito ne a 1968 daga ɗakin gwajin Elizabeth Neufeld a Cibiyoyin Binciken Lafiya na Amurka. An haɗa ƙwayoyin fatar mai cutar Hurler da na mai cutar Hunter a mazubi ɗaya, sai aka ga duka biyun sun daina tara shara. Kowace tana fitar da enzayim ɗin da ɗayar ta rasa, ɗayar kuma tana zuƙe shi. Wannan ya tabbatar da cewa ƙwayar jiki tana iya karɓar enzayim daga waje ta kai shi inda ake buƙata. A 1977 William Sly da abokan aikinsa suka gano sirrin: akwai wani ɗan sukari mai suna manos-6-fosfet da ke manne a jikin enzayim, yana aiki tamkar adireshi a bayan ambulan. A bangon ƙwayar akwai masu karɓa da ke gane wannan adireshi, su kama saƙon, su shigar da shi, su sauke shi a cikin jakar.

Cutar Gaucher ce aka fara cin nasara a kanta, amma sai da aka sha faɗi-tashi. Roscoe Brady, wanda ya gano enzayim ɗin da masu cutar suka rasa a 1965, ya tace shi daga mabiyiya, wato uwar cibiyar da ke biyo bayan haihuwa. Gwaje-gwajen farko a shekarun 1970 ba su gamsar ba, domin yawancin maganin yana ƙarewa ne a ƙwayoyin hanta da ba su ne masu ciwon ba. Masu ciwon su ne manyan ƙwayoyin da ke haɗiye tsofaffin ƙwayoyin jini, kuma adireshin da suke ganewa sukarin manos ne tsirara. Sai aka aske sukarin da ke saman enzayim ɗin har manos ya bayyana. Da wannan gyara maganin ya fara isa inda ya dace. Saifa ta fara saɓewa, jini ya fara dawowa. A 1991 hukumar magunguna ta Amurka ta amince da shi da sunan Ceredase, na kamfanin Genzyme. Majinyaci ɗaya yana buƙatar dubban mabiyiya a shekara, shi ya sa a 1994 aka koma ga Cerezyme, wanda ake sarrafawa daga ƙwayoyin dabba da ake renonsu a manyan tankuna.

Daga nan ƙofa ta buɗe. Maganin Fabry ya fito a Turai a 2001, na Hurler a 2003, na Pompe da na Hunter a 2006, na Morquio a 2014. A 2012 aka amince da wani maganin Gaucher da ake samarwa daga ƙwayoyin karas. A 2021 aka fito da sabon maganin Pompe da aka ƙara wa yawan adireshin nan na manos-6-fosfet, saboda ƙwayoyin tsoka ba su cika zuƙar na farkon sosai ba.

Inda saƙon ba ya isa

Ya kamata mai tsara manufa ya san iyakar maganin kamar yadda ya san amfaninsa. Ba ya warkarwa, cike gurbi yake yi. Ana ƙara shi ta jijiya kamar ƙarin ruwa, kowane mako ko kowane mako biyu, har ƙarshen rayuwa. Ana auna shi da nauyin jiki, saboda haka kuɗin yana ƙaruwa yayin da yaro ke girma. Garkuwar jikin wasu majinyata tana ɗaukarsa baƙo ta yaƙe shi. Ba ya shiga ƙashi da guringuntsi da ido sosai, domin jini ba ya yawan kai wa can. Ɓarnar da ta riga ta auku kuma ba ta cika gyaruwa ba.

Babban cikas shi ne ƙwaƙwalwa. Tsakanin jini da ƙwaƙwalwa akwai shinge mai tsauri da ke hana manyan sinadarai wucewa, alhali da yawa daga cikin cututtukan nan ƙwaƙwalwa suke ci. Hanyoyi uku ake bi yanzu. Ta farko ita ce a tsallake shingen: maganin Brineura, wanda aka amince da shi a 2017 domin wata cutar da ke lalata ƙwaƙwalwar yara, ana zuba shi ne ta wata 'yar na'ura da ake dasawa a kai. Ta biyu ita ce a yi wa shingen dabara. A 2021 Japan ta amince da wani maganin Hunter da aka ɗaura wa enzayim ɗinsa wani sinadari mai kama ƙofar da ƙarfen jini ke bi ya shiga ƙwaƙwalwa, sai ya bi ayarin ya wuce. Ta uku ita ce a sa jiki ya riƙa yin enzayim ɗin da kansa, ko ta dashen ɓargo, wanda ake yi wa masu cutar Hurler tun kafin su cika shekara 2, ko ta gyaran ƙwayar gado. Wani maganin irin wannan da Amurka ta amince da shi a watan Maris na 2024 an sa masa farashin dala miliyan 4.25 a kan yaro ɗaya.

Ba cutar Turawa ba ce

An saba ɗauka cewa waɗannan cututtuka na wasu al'ummu ne na nesa. Gaskiya ne Gaucher ta fi yawa a tsakanin Yahudawan da suka fito daga Gabashin Turai, amma ana samunta a kowace nahiya. Cutar Pompe ta jarirai ma ta fi yawa a tsakanin baƙaƙen fatar Amurka fiye da farare, kuma wani bincike da aka wallafa a 1998 ya bi sawun tangarɗar da ta fi yawa a cikinsu har zuwa Afirka. A 2023 mujallar Lancet Neurology ta buga wani babban bincike da Farfesa Njideka Okubadejo ta Jami'ar Legas ta kasance cikin jagororinsa, wanda ya gano wani sauyi a ƙwayar gadon GBA1 da ke ƙara haɗarin cutar karkarwa ta Parkinson a tsakanin mutanen da asalinsu Afirka ne. Akwai 'yan Najeriya da yawa a cikin waɗanda aka bincika. GBA1 ita ce dai ƙwayar gadon da tangarɗarta ke haddasa Gaucher. Wato ilimin jakar laisosom ya riga ya shafi tsofaffinmu, ba yara kaɗai ba.

Wani ƙidayar da aka yi a Ostireliya a 1999 ya nuna cewa idan aka haɗa cututtukan gaba ɗaya, ana samun jariri 1 cikin kimanin 7,700. Alƙaluman wata ƙasa ne, ba lallai su yi daidai da namu ba. Amma idan aka ɗora su a kan haihuwa kimanin miliyan 7 da ake yi a Najeriya duk shekara, lissafin zai ba da jarirai wajen 900. Auren zumunci, wanda ya zama ruwan dare a gidajen Hausawa da Fulani, yana ƙara yiwuwar masu ɗauke da tangarɗa iri ɗaya su haɗu. Haka ma ƙaramar al'ummar da ta daɗe tana aure a tsakaninta, ko da al'adarta ta hana auren dangi na kusa. Kudancin Kaduna yana da iri biyun.

Dalilin da ya sa ba a ganin su

Waɗannan yara suna ɓacewa ne a cikin cututtukan da muka saba da su. A ɗauka an kawo yarinya 'yar shekara 6 daga wani ƙauye a Kaura, cikinta ya yi tulu, saifarta ta kumbura, jininta ya yi ƙasa, tana haɓo, tana kukan ciwon ƙashi. Duk likitan da ya yi aiki a yankin zai fara tunanin zazzaɓin cizon sauro da ya daɗe a jiki, sai sikila, sai tsargiya, sai sankarar jini. Tunaninsa daidai ne, domin a cikin yara ɗari masu wannan kama, kusan duka ɗayan waɗannan ne ke damunsu. Amma waɗannan alamomi su ne kuma alamomin Gaucher. Idan gwaji ya nuna ba ta da sikila, maganin zazzaɓi ya yi watanni bai saɓar da saifar ba, babu wata takarda a bangon ɗakin likita da ke gaya masa mataki na gaba.

Haka jaririn da ya yi laushi, ba ya iya ɗaga kai, ba ya tsotso da ƙarfi, numfashi na yi masa wuya, hoton ƙirji ya nuna zuciyarsa ta yi girma. Za a yi masa maganin ciwon huhu, kuma idan Pompe ce ba tare da magani ba, da wuya ya wuce shekara ɗaya ko biyu. Yaron da ƙafafunsa suka gwame, ƙirjinsa ya turo, tsayinsa ya tsaya, za a ce lanƙwasar ƙashi ce ta ƙarancin sinadarin kalsiyam, wadda binciken da aka yi a Jos aka wallafa a 1999 ya nuna tana da yawa a wannan shiyya. Yawanci haka ne. Wanda bai ji maganin kalsiyam ba kuwa, yana iya zama mai cutar Morquio.

Abin da ke biyo baya sananne ne ga duk wanda ya taɓa jinyar ɗa. A sayar da citta, a sayar da akuya, a jinginar da gona. A je Jos, a dawo, a je wurin mai magani, a je wurin addu'a. Idan yaro na biyu ya zo da irin ciwon, sai zargi ya shiga gida, a ce maita ce, ko a ce jinin uwar ne ba shi da kyau. Aure na mutuwa a kan abin da ɗigon jini zai iya bayyanawa.

Maganar kuɗi

Babu amfanin ɓoye lissafin. A Amurka, maganin Gaucher na babban mutum yana cin dala 200,000 zuwa 300,000 a shekara. Idan aka ɗauki dala a kan Naira 1,500, mafi ƙarancin wannan ya kama Naira miliyan 300. Ma'aikacin da ke karɓar mafi ƙarancin albashi na Naira 70,000, wanda aka amince da shi a Yulin 2024, sai ya yi aikin sama da shekara 350 bai ci bai sha ba kafin ya biya na shekara ɗaya.

Duk jami'in kasafin da ya ce wannan kuɗi zai ceci dubban yara daga zazzaɓin cizon sauro da gudawa da tamowa, gaskiya ya faɗa. Asusun kula da lafiya a matakin farko da Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta kafa, mai karɓar aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar tarayya, ba a yi shi domin irin wannan ba. Dokar inshorar lafiya ta 2022 ta tanadi asusun marasa galihu, amma shi ma bai kai ga ɗaukar wannan nauyi ba, balle hukumar KADCHMA ta Jihar Kaduna. Ƙasar da ake haifa mata yara masu sikila kimanin 150,000 a shekara, ba ta gama da su ba, bai kamata ta yi alkawarin da ba za ta cika ba.

Kuskuren shi ne a ce tunda maganin ya fi ƙarfinmu, gwajin ma ba shi da amfani. Sanin sunan cutar yana da nasa amfanin ko da ba a sami enzayim ba. Yana hana a cire wa mai Gaucher saifa ba bisa larura ba, aikin da aka san yana tsananta ciwon ƙashi daga baya. Yana gargaɗin mai sa barci a ɗakin tiyata cewa maƙogwaron yaro mai MPS yana da haɗari, kafin a kwantar da shi domin gyaran cibiya ko gwaiwa. Yana tsayar da asarar dukiya a kan maganin da ba zai yi aiki ba. Yana ba iyaye bayanin da za su yanke shawara da shi game da haihuwa ta gaba, ya kuma wanke uwa daga zargi.

Ban da haka, sai da suna ake shiga layin taimako. Kamfanonin da ke yin magungunan suna da shirye-shiryen bayar da su kyauta ga ƙasashen da ba su da hali. Tun ƙarshen shekarun 1990 Genzyme, wanda Sanofi ya saya a 2011, yake aiki da ƙungiyar Project HOPE wajen kai maganin Gaucher ga majinyata a Masar. Sharuɗɗan irin wannan shiri ba sa wuce tabbataccen sakamakon gwaji, likitan da zai ɗauki alhakin majinyaci, da asibitin da zai iya ajiye maganin ya kuma ƙara shi a kan lokaci. Farashi ma ba a tsaye yake ba. Koriya ta Kudu da Rasha suna yin nasu nau'in. Burazil ta ƙulla yarjejeniya a 2013 domin cibiyarta ta Fiocruz ta karɓi fasahar maganin da ake yi daga karas. Akwai kuma ƙwayoyin haɗiya, irin su miglustat da eliglustat, da ke rage yawan sharar da jiki ke samarwa ga wasu manyan masu Gaucher. Indiya ta fitar da manufar cututtukan da ba a cika samu ba a 2021, ta ware wasu asibitoci a matsayin cibiyoyi, ta kuma sa iyaka ga abin da gwamnati za ta biya wa kowane majinyaci. Ba ta warware matsalar ba, amma ta san mutanenta da adadinsu, kuma da wannan ake zama teburin ciniki.

Abin da za a iya rubutawa a takardar Kafanchan

Na farko shi ne gwajin busasshen jini. Tun farkon shekarun 2000 masanin ƙasar Ajantina Néstor Chamoles ya nuna cewa ana iya auna ƙarfin waɗannan enzayim daga 'yan ɗigon jini da aka busar a kan kati. Katin ba ya buƙatar firji a hanya, ana iya aika shi a ambulan. Taiwan ta fara gwada jarirai domin cutar Pompe ta wannan hanya a 2005. Mu ma ba baƙon abu ba ne a wurinmu, domin da irin wannan kati ake gwajin sikila ga jarirai a Abuja da Kaduna a ƙarƙashin shirin haɗin gwiwa na ƙungiyar likitocin jini ta Amurka. Ba a buƙatar Kafanchan ta sayi na'urar aunawa. Abin da take buƙata shi ne kati, ma'aikacin da ya iya ɗiban jinin, da rubutacciyar yarjejeniya da ɗakin gwaji guda, a gida ko a waje, tare da layin kasafi na kuɗin aikawa.

Na biyu, ƙa'ida mai shafi ɗaya ga likitocin yara da ma'aikatan jinya: wane yaro ne za a ɗiga wa jini a kati. Saifar da ta ƙi saɓewa ga wanda ba shi da sikila, jariri mai laushi da babbar zuciya, ƙashin da bai ji kalsiyam ba, ko gidan da aka rasa yara biyu da ciwo iri ɗaya. Kwalejin koyon jinya da ungozoma ta Kafanchan da kwalejin kiwon lafiya ta ECWA da ke Kagoro suna yaye waɗanda za su fara ganin waɗannan yara a ƙauyuka. Darasin awa biyu ya isa su san lokacin da za su tura majinyaci gaba.

Na uku, rajista. Duk wanda aka tabbatar, a rubuta shi a kundi ɗaya da Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya za ta riƙe, tare da kiyaye sirrinsa. A Disambar 2021 Babban Zauren Majalisar Ɗinkin Duniya ya zartar da ƙuduri kan masu fama da cututtukan da ba a cika samu ba, kuma a Mayun 2025 babban taron Hukumar Lafiya ta Duniya ya zartar da nasa bisa jagorancin Masar da Sifaniya. Ƙasar da ba ta da alƙaluma ba ta da abin faɗa idan aka zo rabon tallafin da zai biyo baya.

Na huɗu, hanyar shigo da magani. Enzayim yana buƙatar sanyin digiri 2 zuwa 8, daidai da yawancin alluran rigakafi, kuma ƙasar nan ta riga ta iya kai rigakafi cikin sanyi har ƙananan hukumomi ta hanyar firji mai aiki da hasken rana. Inda aka fi jin tsoro shi ne filin jirgi. Maganin kyauta da ya kwana makonni yana jiran izinin NAFDAC da sa hannun Kwastam ya tashi daga aiki. Tsayayyen tsari na izini cikin kwanaki ƙalilan ga maganin da aka aiko da sunan majinyaci guda ba ya cin ko sisi. Zama ɗaya tsakanin hukumomin biyu da ma'aikatar zai iya samar da shi.

Na biyar, a haɗa wannan da aikin sikila maimakon a gina masa gida dabam. Likitan jini ɗaya ne, katin ɗaya ne, mai ba iyaye shawara ɗaya ne. Dashen ɓargo da Asibitin Koyarwa na Jami'ar Benin ya fara a 2011, da wanda Asibitin Koyarwa na Jami'ar Legas ya fara a 2024, domin sikila aka yi su, amma ƙwarewar ita ce yaro mai Hurler yake buƙata. Sanata Katung da kansa ya gabatar da ƙudirin kafa cibiyoyin bincike da jinyar sikila a shiyyoyin ƙasar. Ƙara jimla guda da za ta ba cibiyoyin hurumin sauran cututtukan gado aiki ne da mataimakin ɗan majalisa zai iya yi a zaman kwamiti. Ya kamata kuma limamai da fastocin da ke neman takardar gwajin jini kafin ɗaurin aure su san cewa sakamakon AA bai shafi waɗannan cututtuka ba, domin kada a zargi ma'aurata da ƙarya idan ciwo ya ɓulla daga baya.

Masana sun shafe shekara 36, daga gano jakar a 1955 zuwa maganin farko a 1991, suna koyon yadda za a kai enzayim cikin ƙwayar da ke buƙatarsa. Wannan ɓangare an yi mana shi. Wanda ya rage shi ne sanin gidan da yaron yake, ko a Kwoi ko a Zonkwa ko a Gidan Waya, da sunan abin da ke damunsa. Kafin a rufe jerin buƙatun Cibiyar Lafiya ta Tarayya ta Kafanchan, ya dace wanda takardar ta biyo ta teburinsa ya duba ko akwai layin katin busasshen jini da kuɗin aika shi. In babu, ya ƙara.